Na Fita Ban Gama Takaba Ba

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya yara da maigida? Mu nan unguwar Nima sai godiya.

Yaya, na yi abin kunya. Marigayi mijina kullum zancensa sabon kan jirgin ƙasa mai jera taragu, mai shan mai maimakon kwal, wai in ya fara tuƙa shi na huta da wanki. Shekaranjiya kan jirgin ya iso. Na kasa haƙuri, na tafi tasha ina cikin takaba. Ɗan ƙarami ne, wani ke tuƙa shi. Ina juyowa sai ga wan marigayi. Ya ce, "Amina, koma gida." Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Ki ba shi haƙuri, yana jin maganarki. Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ta ji.

Ƙanwarki,
Amina