Matar da Za Ta Auna Kan Ɗana

Anti Raliya, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Ki yi haƙuri da Hausata, ta kasuwa ce da ta coci, a gida yarenmu muke yi. Sunana kuma ki bar shi, don rabin matan zumuntarmu suna karanta shafinki, sauran rabin ana karanta musu.

Ni tela ce a Kafanchan, shagona yana kusa da tashar jirgin ƙasa. Maigidana Rufus ma'aikaci ne a wani asibitin mishan. Da can a ɗakin hoton ƙashi yake, ya tashi aiki ya dawo ya ci tuwonsa, ban taɓa jin sunan wata mace a bakinsa ba. Bara aka kawo musu injin duba ciki, wanda ake ce wa sikanin, aka haɗo da wata nas daga Jos mai suna Mildred, aka ce ita za ta koya masa. Tun daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba.

Aikin ma na haddace shi, don yawan jin bayani. Ana shafa wa mace wani mai mai sanyi a ciki, a ɗora wani abu kamar ƙaramin dutsen guga, sai hoton jariri ya fito a allo irin na talabijin. In kan jaririn ya fito sosai sai su danna, hoton ya tsaya cak. Akwai wata ƙwallo a jikin injin da ake murzawa da yatsa, ita ke tura wata 'yar alama mai kama da gicciye. A ajiye gicciye ɗaya a wannan gefen ƙashin kai, ɗaya a wancan gefen, sai injin ya faɗi faɗin kan, daga nan a gane watannin ciki. Wani lokaci su zagaye kan gaba ɗaya da zobe. Rufus ya ce in gicciyen ya goce ko kaɗan, lissafi ya ɓaci. Shi ya sa wai ba a rubuta komai sai su biyun sun duba sun yarda.

Sai su biyun sun yarda, Anti. Ni a gidana ban tuna ranar da Rufus ya jira na yarda kafin ya yi abu ba.

Wata rana na kai masa gwaten acca asibiti, na tarar ƙofar ɗakin a ɗan buɗe. Tsakar rana ce fa, amma sun ja labule, ɗakin duhu. Kawunansu na dab da juna, hannunta a kan nasa suna murza ƙwallon nan tare, tana ce masa ya ɗan matsa hagu cikin wata murya ƙasa-ƙasa. Da ya dace sai ya yi wata 'yar dariya da rabona da jin ta tun yana zuwa zance gidanmu a Fadan Kagoma. Ba zan yi musu ƙarya ba, akwai mace kwance a gado, surukar matar ma na zaune a kujera. Amma ni na ga abin da na gani. Na ga kitsonta ƙanana, na ga agogon hannunta, na ga farar rigarta da telan ya ɓata kafaɗar, ya bar ta tana tattarewa. Na ajiye kwanon a bakin ƙofa na hau acaɓa na koma shago, ranar har allura na karya.

A gida kuwa ba shi da zance sai nata. Wai hannun Mildred ba ya rawa. Idon Mildred na ganin bakin ƙashi inda shi yake ganin hazo. Yana cin abinci yana zagaya bakin faranti da yatsa, wai yana gwada zobe. Ni ma ai awo ne sana'ata. In na ɗora tef a jikin mutum ba na kuskure, sai dai a kayan 'yata Edna, da kullum hannuna ke ƙara mata don ina ganin gobe za ta girma. Shekara da shekaru ina yanka yadin mutane hannuna bai taɓa rawa ba, kuma ko sau ɗaya Rufus bai taɓa faɗa ba.

To ga inda abin ya tsaya min a wuya. Ina da ciki. Edna da tiyata aka cire ta, kuma likita ya ce irin yankan da aka yi min, wannan ma sai an cire shi kafin naƙuda ta fara. Matsalar ita ce na sami cikin ina shayarwa, ban ga al'ada ba, don haka ban san watanninsa ba. Likita ya ce sai an auna jaririn a injin kafin ya sa rana. Na ce ba damuwa, mijina zai yi. Rufus ya ce ba zai yi ba, dokar ɗakin ce ba wanda ke auna nasa, Mildred ce za ta yi.

Wato ni in kwanta, in kwance zanina, ta ga tabon tiyatata da duk zanen da haihuwa ta bar min, mijina na tsaye a bayanta yana sha'awar hannunta. Na ce ba zan je ba. Katin awon da likita ya ba ni na nan cikin aljihun keken ɗinkina, ciki kuma na ta turowa.

Rufus ya ce kullum jariri na ƙara girma awon na ƙara rage tabbas. Ya rame, na gani. Amma maimakon ya lallashe ni, sai ya kwashe zancen ya kai mata. Ranar Lahadi bayan sujada ta tare ni a ƙofar coci, ta riƙe hannuna tana murmushi, wai tana jirana duk ranar da na shirya. Maganar ɗakinmu a bakinta! Ina kishinta, Anti, ba zan ɓoye ba. In na durƙusa addu'a hannun nan nake gani a kan nasa.

Shin in dage sai shi ya auna ni? Ko in hau mota in tafi Jos a yi min a wani wuri? Ko in sa shi ya nemi a mayar da shi ɗakin hoton ƙashi mu huta?

Mai Ɗinki, Kafanchan

Ƙanwata Mai Ɗinki,

Hausarki ta fita tas, baƙin cikinki ma ya fita. Ba zan ce miki kishinki na banza ba ne. Mijin da ke yabon hannun wata yana cin tuwon da naki ya tuƙa ya yi wauta, kuma kai mata sirrinki ba tare da ya tambaye ki ba laifi ne, ko da tsoro ne ya sa shi. Waɗannan biyun ki faɗa masa su ƙarara, ki ce ya bar Mildred a asibiti in ya taso aiki. Kina da gaskiya a nan.

Sauran kuwa sai mu auna su da tef ɗinki. Na tambayi wata ƙawata nas, ta ce labulen don allon ake jan shi, haske na wanke hoton. Hannu a kan hannu kuma, ke da kika koya wa mutane riƙon almakashi kin san yadda ake yi. Ban shiga zuciyar kowa ba, don haka ba zan rantse miki ba. Abin da na sani shi ne, in akwai wani abu tsakaninsu, zai jira ki ku yi maganarsa bayan kin sauka. Awon cikinki ne ba zai jira ba.

Kada ki dage sai Rufus ya yi. Ke da bakinki kika ce ba kya kuskure sai a kayan Edna. Uban da ke son ya ji ɗansa ya yi ƙwari, hannunsa zai iya ƙara masa ba tare da ya sani ba. Rigar da ta yi yawa ana kama ta, amma jaririn da aka ciro kafin lokacinsa ba a mayar da shi. Ƙin da ya yi miki ba gudunki ba ne. Batun ya bar aikin da ya fara ƙwarewa a kai kuma, ki ajiye shi, don zai daɗe yana jin haushinki.

In da gaske ba za ki iya haƙuri da ita ba, Jos na nan, ki tafi cikin makon nan ki kawo wa likitanki sakamako. Amma shawarata ki je inda katinki ya ce. Tabon tiyata ba abin kunya ba ne, Mildred na ganin irinsa kullum. Ki tafi da wata 'yar'uwarki in kina so. Ki kafa sharaɗi ɗaya: ranar Rufus ba ma'aikaci ba ne, ba zai tsaya bayan injin ba, zai zauna wajen kanki ya riƙe hannunki.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Kin ga kitsonta, kin ga agogonta, kin ga ɗinkin kafaɗarta, amma ba ki faɗa min abin da ke kan allon ba. Wannan karon shi za ki kalla. In hoton ya tsaya, ta fara tura gicciyen nan zuwa bakin ƙashi, kan ɗanki ne a tsakani, kuma duk ɗakin ba wanda zai kai ki roƙon kada hannun Mildred ya yi rawa.

Ciro katin daga aljihun keke yau. Allah ya raba ku lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Ki shafa min kan Edna.

Anti Raliya