Saboda Gadon Ƙasa Na Jawo Za A Mayar Da Ɗan Mutane Gida

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Ban yi boko mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutun. Masu saurin zagi kuma ku bari ku kai ƙarshe tukuna, don babu abin da za ku faɗa mini wanda ban riga na faɗa wa kaina ba.

Na haura hamsin. Tun ina saurayi nake tsaron shagon kayan lantarki a Kano. Maigidana ya gaji da tafintocin da ke cutarsa wajen 'yan Sin, rana ɗaya ya ce, "Kai za ka je Dubai, akwai makaranta a can, ka koyo mini yaren nan nasu, kana kuma duba mana kaya a Deira." Ni da furfurata, wai ɗalibi. Wani Alhaji maƙwabcinmu a kasuwa ya ji labari, ya ce shi ma ɗansa makarantar za shi, mu tafi tare. Bari in kira yaron Nazifi. A filin jirgi Alhaji ya kama hannunsa ya sa a nawa ya ce, "Malam, ga amana nan. Abin da idonka ya gani, nawa ne ya gani."

Kafin mu taso wani ejan ya turo mana hoton wai masaukin ɗalibai, gado fari tas, ga tebur, ga taga. Da muka isa unguwar Al Nahda me muka tarar? Falo ne aka yayyanka da katako, kowane lungu an cusa gado mai hawa biyu irin na 'yan makarantar kwana, takalma a bakin ƙofa kamar masallacin Juma'a, ga warin safa da soyayyen kifi. Na ce wa ejan ina ɗakin da ke hoto? Ya ce, "Habibi, shi ne wannan, khalas," wai magana ta ƙare. Ina tsaye ina ta jayayya da wannan maƙaryacin saboda mu biyu, ina juyowa sai na ga Nazifi ya jefa jakarsa a gadon ƙasa, ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Na ce, "Nazifi, gwiwata ba ta son hawa." Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai Baba, nan fa Dubai ne, wanda ya riga shi ke da gado. Motsa jiki ne ma, zai yi maka amfani." Sauran samarin ɗakin suka kwashe da dariya. Jama'a, a wane gida ake haka? Mu da muka tashi ko tabarma ba ka zama in babba yana tsaye? Haka na riƙa hawa tsanin ƙarfen nan kamar biri, in sauko alwala ina nishi, shi yana ƙasa da abin kunne yana jin waƙa yana kaɗa kai.

A aji ma ban tsira ba. Yaren nan sai ka yi kamar kana waƙa, murya ta hau ta sauka, ni kuwa harshena ya riga ya bushe. Shi yaron, gaskiya a faɗe ta, kansa yana ja, malama ta faɗa sau ɗaya ya ɗauke. Amma in mun dawo sai ya riƙa kwaikwayon yadda nake faɗin gaisuwar, 'yan ɗakin suna riƙe ciki. Malamar 'yar Sin ce, dattijuwa mai tabarau, ta kusa sa'ata. Ranar Asabar takan kwashi ajin gaba ɗaya zuwa kasuwar 'yan Sin mu koyi ciniki, daga nan mu ci taliya a shagon wasu Musulmin ƙasarsu. Da ni ake zuwa. Na ci taliyar nan, har ƙari na nema.

Wata Juma'a bayan an sauko, gwiwata ta kumbura, sai ga wayar Alhaji. Ya ce, "Malam, yaya yaron naka?" Na yi shiru. Kun san irin shirun. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Hmm, Alhaji, ni dai ba na son in shiga tsakanin ɗa da uba." Ya ce, "Na haɗa ka da Allah ka faɗa mini." Sai na ce, "Akwai dai wata 'yar Sin da duk Asabar suke fita tare. Abincinsu ma yanzu shi yake ci, kuma ka san su ba abin da suke bari." Ban ce malamarmu ba ce. Ban ce da ni ake tafiya ba. Ban ce masu shagon da mu suke sallah ba. A raina ina cewa ai ban yi ƙarya ba. Wa nake yaudara? So nake uban ya zage shi ya dawo hayyacinsa, ya san akwai manya a duniya, shi ke nan.

Alhaji ba zagi ya yi ba. Tikiti ya yanka. Ya ce yaro ya tattaro kayansa kafin Juma'a mai zuwa, karatun ya isa, ya dawo ya zauna a shago inda ido zai riƙa ganinsa. Bai gaya masa daga ina maganar ta fito ba.

Shekaranjiya na dawo daga Deira na tarar an sauko da katifata da bargona gadon ƙasa, nasa kayan suna sama. Mai abin kunnen nan ya durƙusa har ƙasa, ido jawur, ya ce, "Baba, don girman Allah ka kira Alhaji. Wani munafuki ne ya haɗa ni da shi. Kai kana wurin, ka san Malama, ka san shagon. Maganarka kaɗai zai ji." Sai yau na zama Baba na gaske? Sai yau aka tuna ina da gwiwa? Na dube shi, wallahi har lokacin haushinsa nake ji, kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu yaron bai burge ni ba. Marar kunya ne. Amma rashin kunya daban, abin da na liƙa masa daban. Na ce masa, "To, zan duba." Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Baba." Munafukin da yake nema shi yake yi wa addu'a.

In na kira Alhaji na ce wancan zancen ba haka yake ba, zai ce to wa ya faɗa mini tun farko? Kafin la'asar labari ya zaga layinmu na kasuwa, ya kai kunnen maigidana, a ce tsohon da aka ba amana ya yi wa yaro sharri a kan gado. Da wace fuska zan koma kasuwar? In kuma na yi shiru, yaro ya rasa karatun da shi kaɗai ne a cikinmu yake ganewa, uwarsa ta zauna tana zaton ɗanta ya lalace. Ga shi a kan gadon ƙasan nake rubuta muku wannan, na samu abin da nake so, shi yana sama yana juyi, duk motsin da ya yi ƙarfen yana ƙara a kaina, ɗazu ma ya leƙo ya ce, "Baba, ka kira shi kuwa?"

Me zan yi?