Rigar Sanyin Yarelis

Garin Juana Díaz,
Lahadi, cikin watan Yuli.

Zuwa ga ƙanwata Nilsa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a can Hartford, ƙasar sanyi da ƙanƙara. Allah Ya ƙara miki ƙarfin ƙafa a aikin asibitin nan da kike yi a tsaye, Ya tsare ki a fitarki da dawowarki. Mu nan lafiya lau muke. Hawan jinin matata Migdalia ya sauka tun da likita ya raba ta da soyayyen naman alade, sai dai abin da ta rage a ci ta ƙara shi a mita, kuma a kaina take saukewa. Goggo Monín tana nan da ƙarfinta, har yanzu ba ta yarda kowa ya dafa mata kofi. Shagon walda yana tafiya yadda nake so. Kusan duk gidan da aka gina a unguwarmu bana, ƙarafan tagoginsa daga hannuna suka fito.

Kin san ni ba mutumin rubutu ba ne. Jiya na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga, don na san da na ji muryarki zan ɗaga tawa, ke kuma ki kashe, mu tashi ba a ce komai ba. Takarda ba a kashe ta. Saboda haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, maganar 'yarki Yarelis ce.

Jiya Asabar ce ranar ƙarshe ta yafe haraji a kan kayan makaranta. Ba don biyan harajin ya fi ƙarfina ba, ke ma kin sani, amma gwamnatin da ke tatsar mu shekara guda cur, in ta ce ta ɗaga ƙafa na kwana biyu, ko allura ce sai na saya a ranar. Na ɗauki Yarelis a a-kori-kurata muka nufi babban kanti a garin Ponce tun da safe. Wurin ajiye mota ma sai da muka yi ta zagaye kamar masu neman ɓataccen kare. Cikin kantin kuwa ba masaka tsinke, iyaye mata suna gwada wa yara wando a tsakiyar hanya, wasu biyu suna jan riga ɗaya. Na ce da Yarelis ta ɗauki duk abin da take buƙata, siket, riguna masu tambarin makaranta, baƙin takalmi, safa, kada ta duba farashi. Kowace shekara sai mun yi rigima da ita a kan tsawon siket, ita tana ja sama ina ja ƙasa. Bana kuwa duk wanda na ɗaga sai ta ce, "Ya yi, Kawu," ko gwadawa ba ta yi. Har na ce a raina yarinya ta yi hankali.

Muna cikin layin biya sai ta ce tana zuwa. Ta dawo da wata rigar sanyi ja, mai hula haɗe da gashi-gashi a bakinta, irin ragowar kayan da suke ratayewa can ƙuryar kanti don ba mai saye. Ta cusa ta ƙarƙashin siket. Na tambaye ta me za a yi da wannan a watan Yuli a ƙasarmu mai zafi, ta ce an sa na'urar sanyi a ajinsu na bana, kuma sanyin har ƙashi yake shiga. Ban taɓa kama yarinyar nan da ƙarya ba, Nilsa, don haka na yarda.

Da muka iso gaban mai karɓar kuɗi, wata 'yar yarinya mai dogayen farata, ta wuce da komai, da ta zo kan rigar sai ta ce, "Baba, wannan da haraji." Na ce ta sake duba kalandarta, yau Asabar. Ta ce ta san ranar, amma yafewar ta yunifom ce kawai, abin da makaranta ta wajabta. Na ce ai na makaranta ne. Wata mata a bayana, da kanta cike da robobin naɗe gashi, ta ce, "Dattijo, biya mana mu wuce, layin nan ya kai har garin Mayagüez, ni wake na baro a wuta." Wani mai ƙaton ciki ya ce ko dai a ƙwanƙolin dutsen Adjuntas mai sanyi makarantar take, aka kwashe da dariya. Kin san halina in aka yi mini dariya a cikin mutane. Na ce ba inda za ni sai an kira manaja. Yarelis tana jan gefen rigata tana cewa, "Kawu, bar shi, a mayar da ita, don Allah mu tafi." Na ce ba abin da za a mayar, 'yata ba ta ƙarya, kuma ba wanda zai karɓi sisin da doka ta yafe mini.

Manajan ya zo, wani saurayi ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba. Ya ce in dai makaranta ce ta buƙaci rigar, zai cire harajin nan take. Ya juya ga Yarelis ya tambaye ta wace makaranta ce ta ce su sa wannan. Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Faɗa masa mana, 'yata, ki kunyata su." Ta kau da fuska gefe. Na daka mata tsawa a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba. Sai ta buɗe baki ta faɗi wani suna na Turanci da ban taɓa ji ba, ta ce a Hartford take. Ta ce, "Mama ta riga ta sayi tikiti, Kawu. Farkon Agusta zan tafi."

Matar nan mai wake a wuta ta dafa ƙirji ta ce, "Wayyo, wata kuma za ta tafi." Mai ƙaton cikin ya so ya gyara, ya ce ai dama gwamnati ba ta yafe wa mai tafiya, amma ba wanda ya yi dariya. Manajan ya sulale. Ni ina tsaye da walat a hannu, mutumin da ya fara da injin walda na aro a ƙarƙashin bishiyar mangwaro har ya kai inda ya kai, kanti guda ya ji labarin gidana tare da ni. Mai karɓar kuɗin ta sassauta murya ta ce, "To Baba, siket ɗin fa, a sa ko a cire?" Na dubi Yarelis ko za ta ce wani abu. Ta rungume rigar a ƙirji, idonta a ƙasa. Na ce a cire. Na biya rigar da harajinta, muka fito.

A mota ta faɗa mini sauran. Ta ce tun bikin Ista kuka shirya, kuma ke kika ce kada a gaya wa Kawu sai an kusa, don zai hana. Nilsa, wannan ce ta fi yi mini ciwo. Lokacin da babbar guguwar nan ta kwashe rufin gidanki, kin kawo mini yarinyar nan da jaka ɗaya, kin ce shekara guda za ki yi ki dawo ki ɗauke ta. Ban ce miki komai ba a lokacin, ban kuma ce ba da shekarun suka yi ta wucewa. Da zazzaɓin dengue ya kwantar da ita, ni da Migdalia muka raba zaman asibiti. Ni malamanta suka sani. Yanzu shekararta goma sha shida, saura mata aji biyu ta gama, sai a ɗauke ta daga gidana kamar ana satar kaza? Da kin kira ni kin ce, Yaya, ina son 'yata, da na yi faɗa, ban musa ba. Amma da na ji daga bakinki.

Na sani 'yarki ce, kuma ba ni da takardar da zan hana ta da ita. Tambaya kawai nake da ita. Wane ne Wilfredon nan da kike zaune da shi, wanda ko muryarsa ban taɓa ji ba? Yarinyar tana da ɗaki mai ƙofa, ko kujerar falo za ta kwana? In kina aikin dare, wa ke gidan? Ita ba ta san amsar ko ɗaya ba, na tambaye ta. Ko rigar da ta jawo duk wannan, ƙanen Migdalia da ya daɗe a Chicago ya zo ya taɓa ta ya yi dariya, ya ce ado ce kawai, ba shafi a ciki, ba za ta kai ta Nuwamba ba. Yarinyar ta ga gashi a hula ta ɗauka ta yi maganin ƙanƙara. Iyakar abin da ta sani game da inda za ta ke nan.

Yau da safe, kafin mu tafi coci, ta zo bakin ƙofar kicin ta ce, "Kawu, a sa mini albarka," kamar yadda kowane ɗa yake yi da safe. Na kau da kai kamar ban ji ba. Migdalia ta tsaya da juya madarar da ke kan wuta. Yarinyar ba ta motsa ba, ta sake faɗa. Na ce Allah Ya yi mata albarka, Ya kuma tsare ta duk inda ta sa ƙafa. Sannan na ce ta ɗauko wayarta ta nuna mini jirgin, na miƙa mata katina na ce ta saya mini kujera a cikinsa.

Saboda haka ki shirya, ni zan kawo ta da kaina. Ban taɓa hawa jirgin sama ba, kuma ban taɓa rufe shago na mako guda ba, amma zan yi duka biyun. Na dawowa kuwa kujera biyu na sa ta saya. Zan ga ɗakin da idona, in je ƙofar makarantar, in zauna da Wilfredo in kalle shi ya kalle ni. In hankalina ya kwanta, zan dawo da kujerar gefena ba kowa a kai, kuma ba za ki ƙara jin maganar nan daga bakina ba. In bai kwanta ba, zan tambaye ta a gabanki, ba a ɓoye ba, ta zaɓa da bakinta.

Migdalia tana gaishe ki, ko da yake ta ce in rubuta cewa ba ta huce ba. Goggo Monín tana sa miki albarka, ba mu gaya mata ba tukuna. Ki gai da 'yar'uwarmu Zoraida da yaranta in kin je Springfield. Wilfredo kuwa, gaisuwarsa sai na zo.

Yayanki,
Efraín Cintrón.