Laifin Rijiyata Ne, Ba Na Auta Ba

Zuwa ga ƙanwata abar alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarku. Mu nan sai godiya. Gwiwar mai ɗakina ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Na daɗe riƙe da alƙalami kafin na iya shiga maganar da ta sa na rubuto. Kin tuna wasiƙata ta watanni biyu da suka wuce, wadda a ciki na ce Autarki, da kika turo ta kula mana da gida lokacin jinyar mai ɗakina, ba ta iya wanki ba kuma ba ta san tsabta ba. Labari ya iso mini cewa da ta koma kin yi mata faɗa a gaban 'yan'uwanta, kuma har yau ba ta sake da kowa ba. To, ki sani abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. Na zalunci yarinyar nan.

Kin san rijiyar burtsatsen da na haƙa, wadda ba baƙon da ke shigowa gidan nan ya fita ban kai shi ya gan ta ba. A makon da Auta ta iso aka haɗa ta da famfunan gida. Tun daga nan fararen rigunana suka fara dafewa, suna bushewa a sandare kamar buhu. Kofunan gilashi suka yi hazo, butar shayi ta yi farin ɓawo a ciki, sabulu kuwa sai ya narke ba kumfa. Duk na ɗora mata. Sau biyu ta ce mini, kanta a sunkuye, tana jin daga ruwan ne. Na amsa mata cewa ruwan da na sha wahalar samowa ba zai zama mafakar malalaciya ba. Na faɗi haka ne a gaban abokaina biyu, tana tsaye da tiren shayi. Ban ko dubi hannuwanta ba, waɗanda ashe duk sun tsattsage saboda cuɗa.

Bayan tafiyarta na naɗe hannun riga, na ce zan nuna wa gidan yadda ake wanki. Da shekaruna saba'in da ɗaya na durƙusa gaban baho, na ƙarar da sandar sabulu a kan riga guda. Da ta bushe, ta fi wankin Auta muni. Mai ɗakina ta leƙo ta taga, ta tambaye ni wa za ta rubuta wa ƙarata. Duk da haka girman kai bai bar ni na gane ba.

Makon jiya famfon banɗaki ya koma ɗigo. Mai gyaran famfo ya yanke bututun ya miƙo mini: cikinsa ya cushe da wani farin abu kamar alli, ƙofar da ta rage da ƙyar tsinke zai shiga. Ya samo kwalabe biyu, ya cika ɗaya da ruwan rijiyata, ɗaya da ruwan saman da ke cikin ganga, ya sa ɗan sabulu a kowace, ya girgiza. Ta ruwan sama ta tumbatsa da kumfa, tawa kuwa ta yi dishi-dishi kawai. Ya ce ruwan zartsi ne, ya ratso duwatsu ya kwaso sinadarinsu, kuma duk mai wanki a gidan nan ta ga ta kanta. Yana faɗa yana dariya, bai san inda maganar ta sauka ba.

Ya koya mana tafasa ruwan lemun tsami a butar, ɓawon ya ɓare kafin rabin awa. Wanki yanzu da ruwan sama ake yi, in babu a zuba sodar wanki, kuma ya ɗaura mana wata na'urar tace ruwa mai aiki da gishiri a bakin tanki. Kayan gida duk sun gyaru, saura abin da na ɓata da bakina.

Abokan nan biyu na bi su har gida na warware musu. Ke kuma ina roƙonki ki tara duk waɗanda suka ji faɗan, ki karanta musu wannan takarda a bayyane, kada ki tsallake layi ko ɗaya don ki rufa mini asiri. Ba ina neman ta dawo ta yi mana aiki ba ne. Ina neman ta yafe wa kawunta. In ta ga ba za ta iya ba tukuna, kada ki matsa mata.

Ki gaishe mini da maigidanki, da babban ɗanki malamin makaranta, da tagwayensa da mahaifiyarsu. Mai ɗakina tana gaishe ku duka. Ita Auta ban isa in aika mata gaisuwa kai tsaye ba. Ki fara tambayarta. In ta yarda ta karɓa, sannan ki gaishe ta.

Wassalam,
Yayanki.