Kabarin Asa Ƙarami

Asabar, 11 Yuli 1987
Yau muka share maƙabartar dangin Larrabee saboda taron shekara. Ni na zaɓi bayan katanga don kada kowa ya yi mini magana. Can cikin ƙaya na ga wani ɗan dutse kwance, na goge, na karanta a fili kamar wawiya: Asa, ɗan Obadiah, ya rasu yana ɗan shekara huɗu.
Gwaggo Thelma, mai bin asalin danginmu, ta yar da manjagara ta zo a guje. Kaka Orrin yana tsaye bayana.

Lahadi, 12 Yuli
Mu dai abin da muka sani shi ne daga Asa ɗan Obadiah muka fito, Obadiah mai ganga a yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Shi ya sa Kaka ke ɗaukar gangar a gaban jerin dangi tun kafin a haifi Baba. To yaron da ya mutu yana ɗan shekara huɗu, wa ya haifa?
Gwaggo ta ce mutanen da sukan mayar da sunan yaron da ya rasu ga jaririn da ya biyo baya a dangi. Jaririn kuwa, wato Asan da muka fito daga gare shi, na Lemuel ne, ƙanen Obadiah. Lemuel da ya bi Sarkin Ingila, har aka ƙone masa rumbu. Ba a ma kiran sunansa a taro.

Talata, 14 Yuli
Kaka bai ce mini Ɓera ba yau yadda ya saba. Ainihin sunana ya kira, Winifred, kamar malamin makaranta.

Jumma'a, 17 Yuli
Dale, jikan Gwaggo, ya tare ni a shago ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, 'yar Sarki, a kawo miki shayi?" Yaran da ke wurin suka bushe da dariya. Na fito ban sayi madarar da na je nema ba.
Da na bar ƙayar nan yadda na same ta. Wa ya aike ni?

Laraba, 22 Yuli
Kaka ya naɗe gangar a bargo ya kai gidan su Gwaggo, 'yan reshen Obadiah, da kansa. Ta rantse ba ta nema ba, ya ce kayan mutane sai mutane. Da ya dawo ya zauna cikin mota bai fito ba har waken da aka dafa masa ya huce. Ta taga nake leƙensa. Baba ya ce shi ba zai je taron ba, yana da aiki. Ba shi da wani aiki.
Kuma ƙaramin kowane reshe ne ke tashi ya jero sunayen kakanni. Ni ke nan. Ni da ko a aji ba a jin muryata.

Asabar, 25 Yuli
Dale ne ya buga gangar. Bai iya ba.
Bayan an ci kaza da masara Gwaggo ta kira rassa. Da ta gama na Obadiah ta dubi Kaka, sannan ta ce reshen Lemuel. Wani ya yi tari. Kaka ya dafa tebur ya miƙe, shi kaɗai a filin coci, hularsa a hannu. Na daɗe ina kallon farantina. Ban san lokacin da na tashi ba.
Na fara: Lemuel, Asa, Jotham... ni kaina ban ji ba.
Kaka bai dube ni ba, ya ce, "Ɗaga murya, Ɓera. Mutumin nan ya daɗe ba a kira shi ba."
Na sake daga farko.

Lahadi, 26 Yuli
Wai har masu wanke tukwane a bayan coci sun ji Lemuel. Ƙari ne irin na Gwaggo. Maƙogwarona dai yana ɗan ciwo.