Kofin da Aka Cika Fal

Zuwa ga ɗiyata Nigora,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai ciwon gwiwa ne, sai ɓacin rai.

Ki zo Tashkent ki ɗauke ni daga gidan tsofaffin nan, korata ake yi. Tun ranar da na zo, yarinyar da ke raba shayi, Oksana, cika min kofi take yi fal, har da murmushinta. Ni Ergash, da furfurata, a ce min sha ka tashi? Marigayiya uwarki ko ɓarawo ne ya shigo ba ta cika masa kofi, kaɗan-kaɗan take zubawa don baƙo ya daɗe. Na ɗaure kayana.

Mahaifinki,
Ergash

Nigora,

Ina gaida ku duka. Ya jikin autanki?

Na kai ƙara. Shugaban gida ya ba ni haƙuri, wai su Oksana 'yan Rasha cikawa ce karamcinsu. Sai ya kafa doka a riƙa zuba wa kowa kaɗan. Wallahi da na sani na yi shiru. Wata tsohuwa 'yar Rasha, Zinaida, ta zagaya ɗakin cin abinci tana nuna kofinta, wai bayan ta ƙare rayuwarta tana koyarwa an mayar da ita kyanwa. Da ta ji ni ne sila ta kira ni tsohon marowaci, ni kuma na ce mata randa. Tsoho Pak, ɗan Koriya, ya ce a ba shi ruwan sha'irinsa, mu kuma mu cinye juna.

Kayana suna nan a ɗaure.

Mahaifinki

Ɗiyata,

Gaisuwa da fatan alheri.

Yanzu ana tambayar kowa yadda yake so. Amma jiya Oksana ba ta da lafiya, aka ajiye buta tsakanina da Zinaida. Muka yi ta hararar juna. Can na ɗauka na cika mata fal, ji nake kamar na zage ta. Ita kuma ta ɗiga min ɗan kaɗan tana roƙon Allah ya yafe mata rowa. Na shanye, ta ƙara, na shanye, ta ƙara, har azahar.

Nigora, tun rasuwar uwarki ba wanda ya zauna yana ƙara min shayi. Hawaye ya zo min, na ce tururi ne.

Kada ki zo, na kwance kayan. Ki dai aiko min da kofi, mafi girma a kasuwa. Ba nawa ba ne, kuma ban da tambaya.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Ergash