Kwanukan Zumreta

Lipnik, farkon Oktoba

Zuwa ga 'yata Enisa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fadil da yara. Yaya tarin Lamija, ya sake ta? Yaya aikin asibiti? Ni lafiya lau, ban da yatsun nan da ba sa shiri da sanyi, ga shi kuwa sanyin ya fara leƙowa.

Na ba direban bas ɗin da ke zuwa garinku Graz wannan takarda tare da kwalbar zuma da busasshen nama. Kada ki ce me ya hana ni kira. A waya ba kya barin mutum ya kai aya, daga "Mama kin sha magani?" sai "Mama zan shiga aiki." Takarda kuwa ba ta katse ni.

Injin wanke-wanken da kika aiko yana nan daram kusa da murhu, Allah Ya yi miki albarka. Sai dai dunƙulen sabulun da kika haɗo da su sun ƙare. Kin san tun rasuwar Hamdo mai kanti ba a sake buɗe kantin ƙauye ba, mai motar burodi kuwa da na tambaye shi sai ya dube ni kamar na ce ya kawo mini jirgin sama. In je har garin Travnik a bas ɗin da ke zuwa in ya ga dama, saboda sabulu? Allah Ya kiyaye! Sai na ce ni da na yi sabulun gidan nan da hannuna tun kafin a haife ki, injin bature ba zai gagare ni ba.

To, ya gagare ni a karon farko. Na goge sabulunmu na kitse a magogi, na cika ɗan aljihun injin, na kunna. Enisa, kumfa! Ta ƙarƙashin ƙofarsa ta riƙa fitowa, ta bi daɓe har bakin zaure, ta cinye mini silifa. A haka maƙwabciyata, Innarki Zumreta, ta same ni, ina kwasar kumfa da tiren da nake gasa pita, burodin nan namu mai cushe. Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, wai, "Razija, tumaki kike wa aski a kicin?" Na ce ta rufe mini baki ta ɗauko tsumma.

Daga baya wata mata a rediyo ta faɗi yadda ake yi, ashe sabulu ma ba ya shiga ciki. Sodar girki za ki shimfiɗa a tire ki gasa a tanda har ta canza, ta koma gari mai kaushi mai cin hannu. Sai ki haɗa da gishiri da limuntus, wannan garin tsamin da muke zuba wa ruwan wardi. Na farko na bar shi a buɗe, ya sha danshi ya daskare, sai da na sa guduma. Yanzu a kwalbar jam nake rufe shi. Zumreta ta ce ta ga masu gasa burek, pitar nan mai nama, ta ga masu gasa dankali, amma mai gasa ƙura sai a kaina. Duk da haka da na fito da kofunan gilashi ta ɗaga ɗaya a taga ta duba, ba ta ce komai ba. In Zumreta ta yi shiru, to abu ya yi kyau.

Matsalar ɗaya ce. An yi injin nan don gida mai mutane, ni kuwa faranti ɗaya, cokali ɗaya, finjali biyu. Sai in yi kwana da kwanaki ban cika shi ba. In na buɗe na ga 'yan kayan nan sun rakuɓe a lungu, raina ɓaci yake yi.

Layinmu yadda kika bar shi, har ma ya fi. Gidan su Halil an buga katako a tagogi. Daga masallaci zuwa rafi hayaƙi biyu ne ke tashi, nawa da na Zumreta. Ranar da ba ta turo ƙofata da hantsi don gahawa ba, ba ni jin muryar ɗan Adam sai ta liman a lasifika. Ita ke hana ni zama kurma a gidan nan, kada dai ki gaya mata na faɗa, kanta zai fashe.

Addu'ar shekarar babanki tana tafe ƙarshen wata. Na san ba za ki samu zuwa ba, ban kuma yi fushi ba. Na ɗan yi, amma ya wuce.

Ki sumbatar mini yara. Ki sa wa Lamija safa.

Mahaifiyarki,
Razija


Lipnik, Nuwamba

Enisa 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Fadil da yara, da fatan sanyin can bai matsa muku ba. Kuɗin ragon sun iso, Allah Ya saka. Ni jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

An yi addu'ar babanki, Allah Ya kai haske kabarinsa. Mutane sun zo fiye da zatona, har matan ƙauyen ƙetare. Kayana ba su isa ba, sai na aro na Zumreta, na jan ƙarfen nan masu farin shafe a ciki: manyan tire, kwanuka masu murfi, da babbar butar gahawa. Kin san su. Na mahaifiyarta ne, Zumreta ce ta binne su a bayan rumbu lokacin yaƙi, ta dawo ta tono su da hannunta tun kafin ta duba ko rufin ɗakinta yana nan.

Kin kuma san al'adarmu. In baƙi suka watse, uwar gida da maƙwabciyarta su ke tsayawa a bakin baho, ɗaya na wankewa ɗaya na ɗauraya. Duk maganar da ta fi ƙarfin ido da ido, a nan ake yin ta, kowa na kallon ruwa. A nan na gaya mata ina da cikinki. A nan ta gaya mini likita ya ce a mai da mijinta gida, ba sauran magani.

To ranar, shaiɗan ya hau kaina. Matan ƙetare sun yi ta shafa injin suna cewa Razija ta haifu, 'yarta ta hutar da ita. Ni kuwa kai ya kumbura. Da suka fara tafiya Zumreta ta naɗe hannun riga, ta ɗora ruwa. Na ce, a gaban mutane, "Sauke, hajiya, wannan zamanin ya wuce. Je ki miƙe ƙafa, ina da ma'aikaci." Ta ce ko tiren ne mu ɗan wanke. Na ce a'a. Ta sake cewa, a hankali, "Razija, ko butar ce." Na ce wai ni kam ba ta gajiya da wahala ne? Sai ta warware hannun rigarta, ta ɗaura ɗankwali, ta fita. Ko ragowar baklava, kayan zaƙin nan, ba ta ɗauka ba.

Na loda kayan duka, karon farko da na ga cikin injin ya cika, har daɗi na ji. Saboda maiƙon rago na ninka garin, na murɗa zuwa ruwa mafi zafi.

Wayyo Enisa, da kin ga abin da na fito da shi! Farin shafen ya koma toka-toka, dabbare-dabbare. Jan bayan ya yi baƙi. Butar gahawar, wadda mutum ke ganin fuskarsa a jikinta, ta zama kamar an tsamo ta daga rijiya. Na goga da tsumma, na goga da sabulu, ko gezau. Garin neman ƙiba na samo rama. Wace matar ƙauye ce ba ta san ba a haɗa jan ƙarfe da soda mai cin hannu ba? Na sani sarai. Amma na ɗauka abin da ya shiga inji, inji ya san yadda zai yi da shi. Ban ce laifinki ne ba, amma ɗan littafin da ya zo da shi da Jamusanci aka rubuta, ni kuwa ko "sannu" ban sani ba a yarensu.

Tun ranar ba ta zo ba. Ba ta ma san abin da ya sami kayanta ba, wannan fushin korar da na yi mata ne kawai. To in ta gani fa? Kowace safiya ina dafa gahawa ta mutum biyu, in zauna in ga hayaƙinta na tashi, har tawa ta huce. Shekaranjiya na hango ta tana shanya, na ɗaga hannu, ta ɗaga, ta shige. Kayan suna ƙarƙashin gadona na rufe su da zanin tebur. Ba a mai da kwanon aro fanko, to ni me zan zuba a cikin waɗannan da zai rufe wannan abin kunya?

Tsoro nake ji, 'yar nan. Na binne babanki, na raka ku bakin bas ɗaya bayan ɗaya, duk na daure don akwai wadda zan yi wa mita washegari. In Zumreta ta ɗauke ƙafa, ban san da wa zan yi faɗa ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida kowa.

Mamanki,
Razija


Lipnik, Disamba

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Na ji daɗi da Lamija ta warware. Kwalin dunƙulen sabulun ya iso, direba ya kawo har ƙofa, na gode. Kin ce in daina ɓoye-ɓoye in je in same ta. Kin yi gaskiya, ko da yake ba a son gaskiya daga bakin wanda aka yi wa wanka.

Na je. Na cika butar da sukari mai ƙwaya, na yi pitar kabewa na sa a babban tire, na tura sauran a baro, a rufe da zanin teburin nan. Da na shiga sai na ga kwalaye a falo, labule a sauke. Na ɗauka fenti za ta yi.

Ta ɗaga zanin tebur ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Uwata ta tsirar da su daga yunwa, ni na tsirar da su daga yaƙi, ke kuma kin kashe su da garin rediyo." Na ce ta zage ni son ranta, na cancanta. Ta ce ba ta da lokacin zagi, in ɗebo toka mai laushi a murhu, ita za ta kawo gishiri da khal, ruwan tsamin nan. Ta ɗora ruwa, ta jawo baho.

Muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, ina dirzar murfi tana ɗauraya, sai ta faɗa wa ruwan. Ɗanta Mirsad zai zo ya tafi da ita Malmo, can ƙasar Sweden. Idonta na hagu ya tafi, na dama yana bin sa, likitan Travnik ya ce kada ta sake yin hunturu ita kaɗai. An gama magana tun kafin addu'ar babanki. Abin da ta so gaya mini ke nan ranar da na kore ta.

Na ce, "To don me kika ƙaurace mini? Ba ga gahawa kullum ba?" Ta ce, "A kan gahawa kallona kike yi da idanun nan naki kamar na alƙali. Ta ina zan fara?" Wai kullum sai ta ɗaura ɗankwali ta zo bakin ƙofarta, ta koma. Ni ina can ina ɓoyon kwanuka, ita tana nan tana ɓoyon magana, tsofaffin banza biyu, muka zubar da rabin kwanakin da suka rage mana. Wannan shi ke ci mini rai, Enisa, ya fi tafiyar ma ciwo. Na yi kuka har majina, ta ce in matsa kada in ƙara wa ruwan gishiri.

Sauran kwanakin kullum muna bakin baho. Jan bayan ya dawo, har ya fi da. Farin cikin kuwa ya tafi, sai an kai wa maƙeran Sarajevo sun sake shafawa. Na lura tana mai da wanda muka gama cikin ruwa, wai bai fita ba. Ni ma na riƙa yin hakan. Mun yi maganar kowa, rayayyu da matattu, mun ci naman matan ƙetare har ƙashi.

Kwanukan ba ta tafi da su ba. Ta ce a gidan surukarta ba wurin ajiye tarkacen ƙauye, kuma wanda ya ji wa mutum ciwo shi ke jinyarsa. Ranar Asabar Mirsad ya zo da mota. Ta ba ni mabuɗin gidan da kajinta. Ta leƙo ta tagar motar ta ce, "Saura ki sa kajin a inji." Na tsaya a bakin hanya riƙe da mabuɗin har motar ta ɓace.

Kada ki fara mini maganar Graz, na san tana bakinki. Ba yanzu ba. Kada kuma ki ƙara wahalar aiko da sabulu, wanda kika aiko ko buɗe shi ban yi ba, nawa garin ma yana nan cike da kwalba. Farantina ɗaya a hannu nake wanke shi.

Amma ina kunna injin. Kada ki gaya wa Fadil, zai ce tsohuwa ta fara taɓuwa. Da hantsi in na dafa gahawa, sai in jera cokula a ciki sako-sako, ba gari ba komai, in murɗa shi. Sai in juya kujera in ba shi baya. Ruwan na zuba, cokulan na ƙara, in dai ban waiwaya ba sai in rantse akwai wata a bakin baho. Har magana nake yi mata.

Dusar ƙanƙara ta sauka jiya, ta rufe hanyar da ke tsakanin ƙofata da tata. Ban share ba.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Mahaifiyarki mai kewarki,
Razija